Ma'aunin Sufeto da Kukan Malamai a Ingila, 1862 zuwa 1897

Tun 1839 gwamnatin Ingila ta fara naɗa sufetocin makarantu, amma aikinsu bai zama abin tsoro ga malamai ba sai a 1862, sa'ad da Robert Lowe ya kawo sabuwar ƙa'idar ba da kuɗin taimako. Bisa ga wannan ƙa'ida, makaranta tana samun sule 4 a kan kowane yaro saboda zuwa kullum, da sule 8 in ya ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi. Kowane fanni ya faɗi, a zabge sule 2 da kwabo 8. Manajojin makarantu da yawa kuwa sai suka rataya albashin malami a kan wannan kuɗi. Banda haka, sufeto yakan rubuta ra'ayinsa a kan satifiket ɗin malami, ya bi shi duk inda ya nemi aiki.

Kafin 1870 ana raba sufetoci ne bisa ɗarikun coci. Bayan dokar ilmi ta wannan shekara sai aka ba kowane gundumarsa. Daga nan bambancin ya fito fili, domin ƙa'ida ɗaya ce a takarda, amma masu aiki da ita kowa da kunnensa. Karatun da wani sufeto zai karɓa, wani ya ƙi shi. Yawancinsu kuma 'yan jami'ar Okisfod ne ko Kembirij, ba su taɓa koyarwa a makarantar elementare ba. Watau malamai biyu masu gwaninta ɗaya suna iya samun sakamako dabam dabam don kawai iyakar gunduma ta ratsa tsakaninsu.

A 1882 A. J. Mundella ya ƙara wani kuɗi na yabon aiki, aka kasa makarantu daraja uku: mai dama-dama sule 1 a kan kowane yaro, mai kyau sule 2, mai kyau ƙwarai sule 3. Nufinsa a saka wa koyarwa mai ma'ana, a rage dogaro da hadda. Sai dai lissafi ana iya duba shi a ga daidai ko kuskure, amma "kyau" da "kyau ƙwarai" kalmomi ne da ba su da ma'auni sai zuciyar mai faɗinsu. Don rage wannan illa aka ɗora manyan sufetoci a kan yankuna, su riƙa daidaita hukuncin na ƙarƙashinsu.

Babban abin da ya dami malamai shi ne rashin wurin ɗaukaka ƙara. Wanda ya ga an zalunce shi, ba inda zai kai kuka sai Ma'aikatar Ilmi, ita ce kuwa uwar gijiyar sufeton. Ƙungiyar malaman elementare, wadda aka kafa a 1870, ta daɗe tana yaƙi da tsarin, malamai kuma suka ba da shaida gaban kwamitin bincike na Cross, wanda ya zauna daga 1886 zuwa 1888. Ƙa'idar 1890 ta soke biyan kuɗi bisa jarrabawar yaro ɗai-ɗai a fannonin nan uku, ragowar tsarin kuma ya ƙare wajen 1897.

Abin lura shi ne, a 1882 ɗin nan aka kafa wa Legas da ƙasar da ake kira Gana a yau dokar ilmi mai irin wannan tsari, da sufeto guda, Metcalfe Sunter. Mai sufeto ɗaya ba ya kukan bambancin ma'auni, amma matsalarsa ta biyu tana nan: in sufeton ya yi kuskure, wa zai gyara? Tarihin Ingila ya nuna cewa tambayoyin biyu ne. Daidaita masu hukunci aikin hukuma ne, ta kuwa taɓa shi tun 1882. Hanyar kai kuka ita ce ta fi wuya, domin tana bukatar hukuma ta yarda wani ya duba hukuncin ma'aikacinta.