Hatsi da wake: amfaninsu ga jiki da aljihun manomi

Hatsi, wanda ake kira gero a wasu wurare, shi ne abincin yau da kullum na mafi yawan gidaje a Nijar, dawa na biye masa. Wake kuwa shi ne kan gaba a dangin amfanin gona masu kwanso, irin su gujiya da ƙwaruru. A jihohin Maradi, Damagaram, Tawa da Doso, galibi a gona ɗaya ake shuka hatsi da wake.

Amfaninsu ga jiki

Hatsi na ba jiki ƙarfi saboda yawan sitacin da ke cikinsa, kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sai dai furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 11 cikin 100 ne kawai, alhali na busasshen wake ya kai kusan kashi 24. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna lizin, wanda ya wadata a wake. Shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda ake samu a hatsi. Shi ya sa haɗa su ya fi cin ɗaya shi kaɗai. Kunu da ƙosai, shinkafa da wake, ko kunun yaye da aka zuba wa garin wake da gujiya na rage haɗarin tamowa ga yara, musamman a gidan da nama da madara ke wuya.

Amfaninsu a gona

Saiwar wake na tara sinadarin azot daga iska, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wasu irin wake na nuna cikin kwana 60 zuwa 70, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Harawa kuma abincin dabbobi ce mai tsada da rani, musamman ga masu turkar raguna.

Darajarsu a kasuwa

Galibi hatsi na ci ne, wake na sayarwa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, bayan Najeriya, kuma kaso mai yawa na tsallaka iyaka zuwa kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. Ana awo da tiya, kuma tiya 40 ke cika buhun hatsi mai kilo 100. Farashi kan faɗi da kaka, ya hau da bazara. Manomin da bashi ya sa ya sayar da wuri yakan dawo ya sayi abin da ya noma da tsada.

Ajiya da iri

Babban abokin gābar wake a ajiya shi ne ƙwaron da ke huda ƙwaya. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aiki a kansa tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba, muddin an ɗaure shi sosai kuma ledar ba ta huje ba. A 2018 an fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar ICRISAT ta samar. Yana nuna da wuri, kuma ya fi irin gargajiya sinadarin ƙarfe.