Raunin Zaren Labari a Fim ɗin Amina (2021)

Gabatarwa

Fim ɗin Amina, wanda Okechukwu Ogunjiofor ya shirya, Izu Ojukwu ya ba da umarni, ya fito a Netflix cikin Nuwamba 2021. Lucy Ameh ce Amina, Sarauniyar Zazzau, Ali Nuhu ne Ɗanjuma, Clarion Chukwurah kuma ta fito a matsayin Zumbura, bokanya mai duba. A gasar fina-finai ta AMVCA ta 2022 ya lashe kyautar gwarzon fim, da ta tsara dandali, da ta sutura. Biyun ƙarshe sun dace da shi. Ta farkon ce ake ja da ita a nan.

Bitar ra'ayoyi

Sukar da Hausawa suka fi yi ta tsaya a wuri biyu: an yi fim ɗin da Turanci, an kuma saɓa wa tarihi. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su kai ga tushen cutar ba. Ko da an juya kowace jimla zuwa Hausar Zazzau, labarin ba zai miƙe ba. Zancen tarihi kuwa, abin da aka rubuta kan Amina kaɗan ne, ko ƙarnin da ta rayu masana ba su daidaita a kansa ba. Dole marubuci ya ƙirƙira. Abin dubawa shi ne ko ƙirƙirar tasa ta riƙe mai kallo.

Hanyar bincike

An kwatanta zubin fim ɗin da matani biyu, Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sannan da tsarin tatsuniyar Hausa.

Sakamako

Ido dai ya sha kallo. Ga dawakai cikin ƙura, ga masu da garkuwoyi, ga fada da ƙyallin tufafi. Amma duk wannan ado bai faɗa wa mai kallo abin da Amina ke nema ba, kuma laifin yana wuyan duba. Tun da bokanya ta riga ta hango ɗaukakar yarinyar, kowane matakinta ya zama cikar abin da aka faɗa. Ba ta zaɓa, ba ta ciza yatsa, sai dai ta bi hanyar da aka share mata.

Tatsuniya ba ta yin haka da abin al'ajabi. A Daskin-da-Riɗi, tsohuwa na wanka a bakin hanya tana roƙon 'yan mata su cuɗa mata baya. Kowace ta yatsina fuska ta wuce, sai wadda aka raina ta durƙusa ta cuɗa, a nan ta sami sunan saurayin da kowa ke nema. Aiki ne ya gabata, al'ajabi ya biyo a matsayin sakayya, shi ya sa yaro ke zaune shiru har a kai ƙarshe. Fim ɗin ya juya wannan tsari, ya ba da sakayya kafin aiki.

Abin takaicin shi ne matanin biyu, duk da ƙarancinsu, suna ɗauke da ƙashin bayan labari. Tarihin Kano ya sanya Amina a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Bello ya ce Katsina da Kano sun ba ta gandu, ta rasu a Atagara. Goro da gandu da ganuwar da har yau ake jingina mata suna nuna mace mai neman riƙe hanyoyin fatauci, wadda kowane gari ta ci sai ya jawo mata sabon abokin gaba. Fim ɗin ya ƙarar da mafi yawan lokacinsa kan makircin Madaki a fada da soyayya da Ɗanjuma, soyayyar da ba a ba ta sararin tsiro ba.

Iyakar bincike

Fim ɗaya aka duba, kuma ba a tattara ra'ayin masu kallo ba. A garuruwa irin Tambuwal da Kebbe, inda ake samun fina-finai ta shagon masu tura wa mutane a waya, ƙaramin allo yana cinye rabin adon da aka kashe wa kuɗi. Nazarin masu kallo a can zai iya gyara wani sashe na wannan hukunci, ko da yake zai yi wuya ya taɓa batun duba.