Cin Gashin Kai a Idon Jama'ar Kona: Darasi Daga Tarihin Ƙasar Muri

Garin Iware, wanda ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola, mahaɗa ce ta Jukunawan Kona da Mumuye da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Mun ɗauke shi a matsayin misali ne domin nuna yadda tarihi guda kan kasance da fuska biyu a cikin aji ɗaya.

Tun kafin kafuwar masarautar Muri a farkon ƙarni na 19, jama'ar Kona suna da sarautarsu ta Kuru, wadda ta haɗa mulki da al'amuran ibadar gargajiya. Sun daɗe suna kare wannan 'yanci, sai a ƙarshen shekarar 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garinsu da taimakon igwar wani hafsan Faransa, Louis Mizon. A 1893 aka kafa Jalingo ta zama hedikwatar masarautar. Abin da fada ke kira nasara, shi ne Kona ke tunawa a matsayin ranar da mulkinsu ya suɓuce.

Zuwan Turawan Ingila bai sauya wannan ba, domin tsarin En'e ya bar Kona da Mumuye suna biyan haraji ta hannun Muri. Hukumar Willink ta 1957, wadda ta saurari koken ƙananan ƙabilu, ba ta amince a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Daga baya aka samu Jihar Gongola a 1976, da Taraba a 1991, da Ardo-Kola a 1996. Duk da haka, ga waɗannan al'ummomi cin gashin kai bai tsaya ga iyakar jiha ba. Ma'anarsa ita ce su naɗa sarkinsu, su riƙe gonakinsu, su kuma raya harshensu.

Bisa ga haka, muna ba masu tsara manhaja shawarar cewa littattafan karatun Hausa su kawo ruwayar fada tare da ta Kona, malami kuma ya bar ɗalibai su auna su. Yaron da ya ga an ambaci kakanninsa a matsayin ganimar yaƙi kawai, da wuya ya ɗauki Hausa harshensa na karatu da zuciya ɗaya.