Tangarɗar agogo a Linux da BSD: Yadda ake farautar kuskuren da ke jiran ranarsa

A daren Asabar 30 ga Yunin 2012, hukumar da ke lura da juyawar duniya ta ƙara daƙiƙa ɗaya a agogon duniya na UTC. Minti na ƙarshe na wannan rana ya zo da daƙiƙa 61, daidai lokacin da ƙarfe ɗayan dare ke shirin bugawa a agogon Najeriya da Nijar. Nan take manyan kwamfutoci masu amfani da Linux a sassan duniya suka rikice. Shafin Reddit ya tsaya, kamfanin Mozilla ya ba da rahoton matsala, sannan a Ostareliya ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Qantas suka koma tantance fasinjoji da hannu, saboda tsarin Amadeus da suke dogaro da shi ya samu cikas.

Kuskuren da ya haddasa wannan ya shafe shekara biyar a cikin Linux. Ya ratsa sigogin gwaji masu yawa ba tare da an gan shi ba. Dalili kuwa shi ne, tangarɗar agogo ba ta bayyana sai ranarta ta zo, alhali sigar gwaji makonni kaɗan take rayuwa.

Mece ce sigar gwaji?

Linux da FreeBSD da OpenBSD da NetBSD manyan manhajoji ne masu tafiyar da kwamfuta baki ɗaya. Tushensu a buɗe yake: kowa na iya karanta rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya kuma aika gyaransa. Zuciyar irin wannan manhaja, wadda ake kira kanel, ita ke raba aiki tsakanin sassan na'ura, ita ce kuma ke riƙe da lokaci. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, shi ne ke cikin kowace wayar Android.

Kafin sabuwar siga ta isa hannun jama'a, akan fitar da ita a matsayin ta gwaji. A da, lambar sigar Linux ce ke nuna hakan: 2.1 da 2.3 da 2.5 na gwaji ne, 2.2 da 2.4 da 2.6 kuma tabbatattu. Bayan fitowar 2.6 a Disamban 2003 tsarin ya sauya. Yanzu akan buɗe ƙofa na mako biyu a karɓi sababbin gyare-gyare, sai a riƙa fitar da sigar gwaji mako-mako, galibi sau bakwai, kafin a saki tabbatacciya. Zagayen yakan ɗauki mako tara zuwa goma. FreeBSD na kiran reshensa na gwaji CURRENT, Debian kuma na kiran nasa Sid. Masu ɗora waɗannan sigogi a kwamfutocinsu sun san za su ci karo da matsala, kuma rahotonsu ne ke kare sauran jama'a.

Yadda kwamfuta ke sanin lokaci

Kwamfuta ba ta san safiya ko maraice ba, ƙirga kawai take yi. A cikinta akwai ɗan ƙaramin agogo mai batir, wanda wani ɗan dutse mai kama da gilashi ke kaɗawa a cikinsa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Da an kunna na'ura, kanel zai karanta kwanan wata daga wannan agogo, daga nan sai ya koma dogaro da wasu maƙirga masu sauri. Mafi shahara a kwamfutocin Intel da AMD shi ne TSC, wanda ke cikin furosesa kanta. Akwai kuma HPET, da maƙirgin ACPI mai bugawa sau 3,579,545 a daƙiƙa.

Babu wanda ya kuɓuta daga aibi a cikinsu. A tsofaffin furosesa, TSC kan sauya gudu idan na'ura ta rage sauri don tattalin wuta, ko ya tsaya idan ta shiga barci. A na'ura mai furosesa fiye da ɗaya, maƙirgan kan saɓa wa juna, ta yadda aikin da ya tashi daga wannan ya koma waccan zai ga kamar lokaci ya ja da baya. Saboda haka Linux ke da mai sa ido da ke kwatanta maƙirgi ɗaya da wani duk bayan rabin daƙiƙa. Idan tazarar ta yi yawa, sai ya ayyana TSC a matsayin marar tabbas, ya koma kan wani. A FreeBSD, tsarin zaɓar maƙirgi aikin Poul-Henning Kamp ne, ɗan ƙasar Denmark, tun ƙarshen shekarun 1990.

Duk da haka agogon kowace kwamfuta kan karkace a hankali. Ana daidaita shi ta intanet da tsarin NTP, wanda Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Kanel kuma na riƙe da agogo iri biyu: na bango, wanda ake iya turawa gaba ko a dawo da shi baya, da kuma wanda ba ya komawa baya, domin auna tsawon jira. Kurakurai da dama sun samo asali ne daga amfani da na farkon a inda ya kamata a yi amfani da na biyun.

Maƙirgin da ke cika ya koma sifili

Wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar mota ya san yadda mitar kilomita ke kaiwa 99,999 ta juye ta koma sifili. Haka maƙirgan kwamfuta suke. Linux na da wani mai suna jiffies, wanda ke ƙaruwa da ɗaya a duk bugun agogon kanel. A na'ura mai bit 32, adadi 4,294,967,296 kawai yake iya ɗauka. Idan yana bugawa sau 100 a daƙiƙa, zai cika bayan kwana 497. Da aka ɗaga bugun zuwa 1,000 a lokacin aikin Linux 2.5, wa'adin ya ragu zuwa kwana 49.7, wato daidai adadin kwanakin da ya sa Windows 95 da 98 ke sanƙarewa idan an bar su a kunne.

Juyewar kanta ba matsala ba ce idan an rubuta lissafin yadda ya kamata. Matsalar tana ga sassan da ke kwatanta lokuta biyu kai tsaye, su ɗauka cewa babbar lamba ita ce ta baya-bayan nan. Da maƙirgi ya juye, sai sashen ya yi ta jiran lokacin da ya riga ya wuce. Mai gwajin da ke sake kunna na'urarsa kullum ba zai taɓa ganin haka ba.

Maganin da aka samo a zamanin 2.5 mai sauƙi ne. Aka daina fara ƙirga daga sifili, aka mayar da mafarin gab da ƙarshe, ta yadda maƙirgin zai juye minti biyar bayan kunna na'ura. Kuskuren da a da sai an shekara da wata huɗu kafin a gan shi, yanzu yakan fito tun mai gwaji bai tashi daga kujerarsa ba. Har yau wannan dabara na cikin Linux.

Sai dai ba kowane maƙirgi aka yi wa haka ba. A ƙarshen 2011 an gyara wani kuskure a agogon da kanel ke raba aiki da shi, inda lissafin mayar da bugun TSC zuwa lokaci ke cika ya tumbatsa bayan kwana 208 da rabi. Kwamfutocin kamfanoni da suka kusa wata bakwai ba a kashe su ba ne suka riƙa faɗuwa. Babu sigar gwajin da ke daɗewa haka a kunne.

Daƙiƙar ƙari ta 2012

Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atom, shi ya sa tun 1972 ake ƙara daƙiƙa ɗaya jefi-jefi, a ƙarshen Yuni ko Disamba. An yi haka sau 27, na ƙarshe a ranar 31 ga Disamban 2016.

Linux kan karɓi daƙiƙar ƙari ne ta hanyar maimaita daƙiƙar ƙarshe ta ranar, wato ya ja agogon bango baya da daƙiƙa ɗaya. A 2007, yayin toshe wata kafa da ke iya sa kanel ya cije, an cire layin da ke sanar da sashen ƙararrawar kanel cewa an taɓa agogo. Daga lokacin zuwa tsakiyar 2012, sau ɗaya kacal aka ƙara daƙiƙa, a ƙarshen 2008, don haka damar jarraba wannan wuri ta yi ƙaranci ƙwarai.

A daren na 2012, agogo ya koma baya amma sashen ƙararrawa bai sani ba, ya ci gaba da zama gaba da daƙiƙa ɗaya. Duk manhajar da ta nemi a tashe ta bayan jiran da bai kai daƙiƙa ba, sai a tashe ta nan take. Ta duba ta ga lokaci bai yi ba, ta sake neman jira, a sake tashin ta, babu ƙaƙƙautawa. Manhajojin Java da MySQL suka cinye ƙarfin furosesa gaba ɗaya a kan wannan zagaye. Maganin gaggawa shi ne a sake saita agogo da hannu a kan lokacin da yake nunawa, domin hakan na tilasta aika sanarwar da ta ɓace. John Stultz, ɗaya daga cikin masu kula da sashen lokaci na Linux, shi ya rubuta gyaran dindindin, ya kuma samar da manhajar jarrabawa da ke ƙirƙirar daƙiƙar ƙari ta bogi, don kada a sake zaman jiran ta gaskiya.

Wasu sun bi wata hanyar. Google kan rarraba daƙiƙar a cikin sa'o'i masu yawa, ta yadda agogonsa ba zai yi tsalle ba. Duk da haka, a ranar 1 ga Janairun 2017 kamfanin Cloudflare ya samu cikas, saboda wata manhajarsa ta auna tsawon lokaci da agogon bango, amsa ta fito ƙasa da sifili. A Nuwamban 2022, babban taron ƙasashe kan awo da ma'auni da aka yi a Faransa ya amince a daina wannan ƙari nan da 2035.

Shekarar 2038

Babban wa'adin da ke gaba an san ranarsa da daƙiƙarsa. Manhajojin dangin Unix na ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairun 1970. Idan an ajiye adadin a bit 32, iyakarsa 2,147,483,647, kuma za a kai nan ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 agogon UTC, wato 4:14 na asuba a Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar za ta ɗauka tana ranar 13 ga Disamban 1901.

Magani shi ne a faɗaɗa adadin zuwa bit 64, wanda zai ishi shekaru biliyan 292. Amma faɗaɗawar na sauya yadda manhajoji ke musayar bayani da kanel, kuma tsohuwar manhaja na iya daina aiki. Irin wannan aiki a reshen gwaji kawai ake iya yin sa. NetBSD ya kammala nasa a siga ta 6.0 a 2012. OpenBSD ya yi sauyin a reshensa na gwaji a 2013, da sanin cewa dole a sake gina kowace manhaja, ya kuma sake shi a siga ta 5.5 a Mayun 2014. Linux, wanda ke da ƙa'idar kada a karya manhajojin da jama'a ke amfani da su, ya ɗauki shekaru ƙarƙashin jagorancin Arnd Bergmann, har siga ta 5.6 a Maris ɗin 2020. Debian ya fara nasa a 2024, inda aka sake wa ɗakunan ajiyar manhaja da dama suna, masu amfani da Sid kuma suka sha fama da sabuntawar da ke cijewa, kafin aikin ya fito a Debian 13 a Agustan 2025.

Sababbin kwamfutoci da wayoyi masu bit 64 sun tsallake mafi yawan wannan haɗari. Abin damuwa shi ne ƙananan na'urorin da ake girkawa a manta da su: na'urorin rarraba intanet, da na masana'antu, da na cikin motoci. Da yawansu ba a sabunta manhajarsu, kuma wasu za su kai 2038 suna aiki, musamman a ƙasashen da ake sayen kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Abin da mai gwaji zai lura da shi

Alamomin tangarɗar agogo sanannu ne: agogo ya riƙa gudu ko jinkiri fiye da kima, lokaci ya yi tsalle bayan na'ura ta farka daga barci, furosesa ta yi zafi babu aikin kirki, ko rajistar kanel ta nuna an ayyana TSC marar tabbas. Matakin farko shi ne a sauya maƙirgin da kanel ke amfani da shi, a ga ko matsalar ta kau. Na biyu, a kwatanta da tabbatacciyar siga. Idan can lafiya lau ne, akwai umarnin git bisect, wanda ke raba jerin gyare-gyare biyu, ya sake raba rabin da ke da laifi, har a kai ga guda. Gyara 10,000 ba ya buƙatar gwaji fiye da 14.

Rahoto mai amfani yakan ƙunshi lambar siga, da nau'in furosesa, da maƙirgin da ake kai, da tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne. Kada kuma a ɗora sigar gwaji a kwamfutar da albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya ke kanta, domin agogon da ya kuskure na iya sa a ƙi karɓar takardar shaidar tsaron shafi, ko ya hargitsa jerin ma'amaloli a rumbun bayanai.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Darasin da masu gina waɗannan manhajoji suka koya daga kwana 497 da kwana 208 da daren Yunin 2012 shi ne, duk ranar da aka san tana tafe, a jawo ta cikin ɗakin gwaji tun yau: a tura maƙirgi bakin iyakarsa, a ƙirƙiri daƙiƙar ƙari, a kai agogo Janairun 2038, sannan a duba abin da ya karye.