Tarihin Tambarin Kaya: Daga Lalas Zuwa Takardar Rijista

Ƴan'uwa manoma da masu sana'a na Magarya da Dungas, kowa ya san yadda ake ciniki a wajenmu. Mace za ta aiki yaro sayen man gyaɗa, sai ta ce masa: "Ka sayo na gidan wance, kada ka sayo na kowa." Ta san man gidan wance ba a garwaya shi da kome. Wannan suna da mai sana'a ya yi, dukiya ce kamar gona ko saniya. Ana gadonsa, ana kuma sace shi. Bari mu ga yadda mutane suka yi ta tsaron wannan dukiya tun zamanin kakanni.

Zamanin kakanni

Makiyaya ne suka riga kowa. Sukan sa ƙarfe a wuta, su yi wa raƙumi ko saniya lalas. A wajen Buzaye kowane dangi da irin shaidarsa. In raƙumi ya ɓata, shaidar nan ce ke mayar da shi gida. Sarakuna kuma suna da hatimi da suke bugawa a kan wasiƙa, don a tabbata daga fada ta fito.

Fatake su ma suna da tasu dabara. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a shekara ta 1884, ayari na tashi daga Zinder zuwa Kano, wani kuma ya ƙetare hamada har Tarabulus. Da sunan gari ake gane kaya mai kyau: gishirin Bilma, goron Gwanja, rawani ɗan Kura. In wani ya yi algus, dillali da sarkin kasuwa sun san shi, kunya kaɗai ta ishe shi.

Amma wannan tsaro iyakarsa inda aka san juna. Ku dubi abin da ya sami fatar jar akuya. A ƙasar Hausa ake kiwon akuyar, a nan majema ke jeme fatar. Raƙuma su kai ta arewacin Afirka, daga can jiragen ruwa su kai ta Turai. Turawa suka ga fata mai laushi da ƙarko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Da wane suna suka san ta? Fatar Maroko! Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Doka ta shigo

Da masana'antu suka yawaita a Turai, kaya suka riƙa zuwa ƙasashe masu nisa, mai saye bai san mai yi ba. Maƙaryata suka shiga kwaikwayon alamun mutane. Sai Faransa ta yi doka a shekara ta 1857, aka buɗe littafin rubuta tambarin kaya. Zakin nan da kuke gani a goshin mota Peugeot, a shekara ta 1858 aka yi masa rijista. A lokacin kamfanin bai fara ƙera mota ba, zarto da kayan ƙarfe yake yi. Ingila ta yi tata dokar a 1875. A 1883 ƙasashe 11 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Paris, kowace ta yarda ta tsare tambarin mutanen sauran.

Ku lura, tambari ba sai mai ilimi ke karanta shi ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san dunƙulen Maggi mai tauraro.

Ina Nijar ta shiga?

Ƙasarmu ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ranar 13 ga Satumba 1962, a birnin Libarbil na Gabon, ƙasashe 12 har da Nijar suka ce maimakon kowace ta gina ofishinta, gara a yi guda ɗaya na tarayya. Ranar 2 ga Maris 1977 aka sabunta yarjejeniyar a Bangi, ofishin ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu, wato OAPI. Mazauninsa yana Yawunde, ƙasar Kamaru. An sake gyara dokar a 1999 da 2015. Yau ƙasashe 17 ne a ciki, har da Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi.

A Amurka, ƙaramin ɗan kasuwa na iya yi wa tambarinsa rijista a jiharsa kaɗai. A nan ba haka ba ne. Babu rijistar tambari ta jihar Damagaram, ko ta gundumar Magarya. Biyan fatanti ko kuɗin rumfa a ma'aikatar magajin gari bai sa tambari ya zama naka ba. Rijista ɗaya ce, ta OAPI, kuma tana aiki a ƙasashen nan 17 duka. Ba sai ka je Yawunde ba. Akwai ofishin gwamnati a Yamai da ke karɓar takardu ya aika da su.

Yadda ake yi

Za ka kai hoton tambarin, da sunanka, da jerin kayan da za ka sa wa shi, ka biya kuɗin da aka yanka. Sai a buga buƙatarka a jaridar ofishin. Duk mai ƙorafi yana da wata 3 ya yi magana. In an karɓa, tambarin naka ne shekara 10, kana kuma iya sabuntawa duk bayan shekara 10. In ka bar shi shekara 5 a jere ba ka aiki da shi, ana iya roƙon a soke shi.

Ba kowace alama ake karɓa ba. Ba ka iya cewa kalmar "ƙuli-ƙuli" taka ce kai kaɗai, don sunan abin ke nan. Ba a yarda da tutar ƙasa ba, ko alamar da ke yaudarar mai saye, ko wadda ta yi kama da ta wani. Babban abin riƙewa shi ne: a dokar OAPI, tambari na wanda ya riga kai takarda ne. Wanda ya daɗe yana aiki da alama bai rubuta ta ba, in wani ya riga shi, sai ya yi gaggawar kawo hujja, in ba haka ba ya rasa.

Maganar iyaka

Wannan ta shafe mu ƙwarai. Riɗinmu da wakenmu da dabbobinmu kudu suke yi, zuwa Babura, Daura, Kano, da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. To, Nijeriya ba ta cikin OAPI. Tana da dokarta ta 1965, ofishinta yana Abuja. A can rijistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Takardar Yawunde tana tsare ka a Dakar mai nisa, amma ba ta tsare ka a Babura da ke kusa. Mai son sayar da kayansa da tambari a Nijeriya, sai ya yi rijista ta biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kuɗin rijista na da nauyi ga mutum guda. Don haka doka ta yarda ƙungiya ta mallaki tambari ɗaya, membobinta su rubuta sharuɗɗan aiki, duk wanda ya bi su ya sa tambarin. Doka ta kuma yarda a tsare sunan wurin da kaya ya fito. A shekara ta 2023 OAPI ta miƙa wa Nijar takardun shaida na kaya 4: albasar Galmi, kilishin Nijar, cukun Nijar, da fatar jar akuya ta Maraɗi. Fatar da aka daɗe ana kira da sunan Maroko, yau an rubuta ta da sunan gida.

Mata masu matsar mai da manoman riɗi na Magarya da Dungas na iya bin wannan hanya. Matakin farko ba ya cin ko dala. Ku zaɓi suna da alama ɗaya, ku riƙa sa su a kowace kwalba da kowane buhu. Ku rubuta ranar da kuka fara a littafin ƙungiya, ku adana rasit. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, wannan aiki naku ne. Ku kawo maganar a taron ƙungiya na gaba.