Gado da jerin sunaye: tarihin kuɗin gyaran tsofaffin gine-gine da tsaron daji a Nijar

A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin da ke tsaye tun ƙarni na 19. Unguwar Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 da niyyar a shigar da su cikin kayan tarihin duniya. A wannan ɗan rubutu muna so mu bi sawun kuɗin da hukuma ke kashewa a kan irin waɗannan wurare, da kuma a kan gandun daji, domin a ganinmu tarihinsu ɗaya ne: daga ina kuɗin suke fitowa, wa ke zaɓen abin da za a gyara, kuma da wane harshe ake rubuta takardar neman su.

1. Asalin jeri

Tsarin da muka gada daga Faransa ya taso. A 1830 aka kafa muƙamin mai duba tsofaffin gine-gine, Prosper Mérimée ya hau shi a 1834, kuma a 1840 aka fitar da jeri na farko. Abin lura shi ne jerin nan an yi shi ne don rabon kuɗi: gine-ginen da ke neman gyara sun yi yawa, kasafin ya yi kaɗan, sai aka rubuta sunayen waɗanda za a fara da su. Dokar 31 ga Disamba 1913 ta zo daga baya ta ƙarfafa tsarin. Tun daga nan ginin da ba ya cikin jeri ba shi da hanyar isa baitulmali.

Da mulkin mallaka ya zo ƙasashenmu, bai damu da ginin ƙasa ba. Daji ya fara sa wa hannu. Dokar 4 ga Yuli 1935 ta tsara sha'anin daji a Afirka ta Yamma ta Faransa bisa ra'ayin cewa ƙasar da ba a ga mai ita ba ta hukuma ce. A 1954 gandun W ya zama gandun ƙasa, da faɗin hekta 220.000 a ɓangaren Nijar, sannan a 1955 aka keɓe hekta 76.000 a Gadabeji, arewacin jahar Maraɗi. Abin da manomi ya gani daga wannan tsari shi ne mushen daji da takardar tara, kuma dokar daji ta 1974 ba ta sauya masa komai ba: itacen gawo da ke tsakiyar gonarsa ba shi da ikon sare shi sai da izini.

Nan ne mai nazarin harshe ke da ta cewa. Kalmar patrimoine mun saba fassara ta da "gado", amma gado a Hausa abu ne da ake rabawa bayan mutuwa, kowane magaji ya ɗauki kasonsa, in ya so ya sayar. Abin da dokar Faransa ke nufi kuwa dukiya ce da ba a rabawa, ba a sayarwa, ba a taɓawa sai da yardar hukuma. Waƙafi ya fi kusa da wannan ma'ana. Haka ma "gandun daji": gandu wuri ne da iyali ko talakawan sarki ke yi wa aiki, su ci daga cikinsa, alhali gandun hukuma wuri ne da aka hana shiga. Duk wanda ya taɓa yin tafinta tsakanin ma'aikacin furoje da dattawan gari ya san cewa saɓanin yakan fara ne tun daga waɗannan kalmomi biyu, kafin a kai ga maganar kuɗi.

2. Zamanin furoje

Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1972 a shekarar 1974. Asusun wannan yarjejeniya ƙarami ne, tunda abin da kowace ƙasa ke zubawa kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin da take biyan ƙungiyar. Amfanin shiga jeri shi ne suna, sunan kuma shi ke jawo masu ba da tallafi.

Misali mafi bayyana shi ne Ayar da Tenere. A 1988 aka keɓe kimanin hekta miliyan 7,7, tare da wani yanki na musamman saboda dabbar hamada da Turawa ke kira adaks, da taimakon ƙungiyoyin WWF da UICN. A 1991 wurin ya shiga jerin duniya. A 1992, da tawaye ya ɓarke a arewa, aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, inda ya shafe fiye da shekara 30. Aikin da ya dogara kacokan ga motoci da albashin da ke zuwa daga waje, ran da hanya ta rufe sai ya tsaya. Gandun W ya shiga jerin a 1996, kuma daga 2001 zuwa 2008 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin furojen ECOPAS wanda ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso.

Ba mu ce tallafi bai yi amfani ba. Raƙuman dawa na yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har suka koma 49 a 1996. Da aka haɗa tsaro da kuɗin masu ziyara da ƙananan ayyuka a ƙauyukan da ke kewaye, sun haura 600 cikin shekara ashirin da ɗoriya, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji. Nasara ce ta gaske. Sai dai harin da aka kai Kure ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci ran mutum takwas, ya katse zuwan baƙi, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafin da suke ba gwamnati. Darasin 1992 ya sake maimaituwa.

A daidai wannan zamani wani abu ya faru a kudu wanda babu jerin da ya hango shi. Taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada ya ƙarfafa dashen itatuwa, aka kashe kuɗi masu yawa a kan gidajen renon iri, dashen kuma da yawa bai rayu ba. Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, ya lura a 1983 cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, abin da suke bukata shi ne a rage musu tofo a bar mai ƙarfi. A lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci. Da abincin ya ƙare, manoma da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu kuwa suka ga amfanin, maƙwabta suka kwaikwaya, har abin ya sami suna a bakin mutane: sassaben zamani. Binciken hotunan sama ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Dokar daji ta 2004 ta tarar da aikin ya riga ya yi nisa. Abin da ya fi tasiri a nan shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne.

3. Ginin ƙasa

Gine-gine sun zo a makare cikin wannan tarihi. An buɗe gidan tarihi na Yamai a 1959, amma dokar kare kayan al'adu sai ranar 30 ga Yuni 1997 aka samu, kuma sai a 2013 tsohon birnin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin duniya. Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin mulkin mallaka har 1926, tana nan a jerin jira, jerin da ba ya zuwa da kasafin shekara-shekara.

Kafin duk wannan, akwai tsarin da ke riƙe da ganuwa da fada da masallaci. Sarki ke kira, Sarkin Magina ke jagora, unguwanni su fito gayya da ƙasa da ruwa da ciyawa. A yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a sauya azarar da gara ta ci, a shafa makuba. Haraji ne na ƙarfi, ba kullum ake yin sa da son rai ba, kada mu yi masa ado. Amma lokacinsa ya dace da halin ginin: duk shekara, a bazara. Mulkin mallaka ya karɓe haraji daga hannun sarki, ƙasa mai ƴanci ta gaji baitulmalin, aikin yaɓe kuwa bai shiga kasafin kowa ba.

Tsarin tallafi da aka ƙera don cocin dutse a Faransa yana ɗauka cewa gyara abu ne da ake yi sau ɗaya, ginin ya ɗauki shekara hamsin. Furoje yakan yi shekara uku zuwa biyar, yana da ranar buɗewa da ranar rufewa da rahoton ƙarshe. Ginin tubali kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa a lokaci guda, kaɗan yake bukata kowace shekara ba fashi, kuma irin wannan kuɗi ne masu ba da tallafi suka fi ƙin bayarwa, domin a lissafinsu kuɗin gudanarwa ne da ya rataya a wuyan ƙasar da ke da ginin. Ƙari a kan haka, takardar neman tallafi da Faransanci ake cika ta, kalmominta kuma sun bambanta restauration da entretien, na farko ana biya, na biyu ba a biya. Magini a Birni da kalma ɗaya yake kiran duka biyun, wato gyara, kuma a sana'arsa yaɓen bana shi ne ke hana rushewar baɗi.