Zamiyar Doki da Zamiyar Taya: Tarihin Tseren Mota a Wajenmu

Kwanakin baya na je ɗaurin auren ɗan wata yayata a can gida, ƙasar Karaye. Ana shafa fatiha, tun ba a gama rabon goro da alawa ba, sai ga ƙarar mota kamar za ta tsaga gari. Abokan ango ne da suka zo daga birni da wata tsohuwar Marsandi wadda aka cire wa salansa. Suka faɗa wani fili da yara ke buga ƙwallo, yaron da ke tuƙi ya taka totur, ya murɗe sitiyari, ya ja birkin hannu, motar nan ta riƙa juyi kamar mazari, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai. Yara sun yi da'ira suna ihu, tsakaninsu da bayan motar bai fi taku biyar ba. Tsofaffi kuwa sai salati suke yi.

Ina tsaye kusa da kawuna, tsohon direba wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan Fijo tsakanin Rogo, Karaye da Kano. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi shiru har ƙurar ta lafa, sannan ya ce da ni, “Yaron nan yana da hannu. Fili ne ba shi da shi.” Wannan magana ita ta sa na koma na bi diddigin abin, domin da yawanmu, har da ni, mun ɗauka wasan mota wani sabon iskanci ne da yaran zamani suka kwaso daga fina-finai.

To, mai karatu, son gudu dai ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Karaye ya san abin da ke tayar da tsikar jikin 'yan kallo: mahayi ya taho a sukwane kamar zai bi ta kan mutane, sai ya zo dab ya ja linzami, doki ya yi zamiya, ƙasa ta watsu. Ka cire dokin ka sa mota, ka cire linzami ka sa birkin hannu, me ya rage? Sai dai shi doki an yi masa tsari. Akwai ranar hawa, akwai dogarai masu korar mutane gefe, kuma tun zamanin Turawa aka ware masa Filin Sukuwa a Kano. Ita mota ta zo ta tarar da wannan sha'awa a jikinmu, amma ba wanda ya yi mata irin wannan tanadi.

A Amurka, inda wannan harka ta fi ƙarfi, asalinta ma ba na mutanen kirki ba ne. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da barasa a ƙasar, kuma ko bayan an ɗage dokar, masu dafa ta a ɓoye sun ci gaba da gudun haraji. Direbobin da ke yi musu fasa-ƙwauri sai suka koyi yi wa mota aiki: a waje ka gan ta kamar ta kowa, amma an ƙara wa injin ƙarfi, an ƙarfafa ƙafafunta don ta ɗauki kaya ta kuma tsere wa 'yan sanda. Ranar hutu sai su haɗu a wani fili a ga ta wa ta fi. Daga irin wannan ne aka kafa ƙungiyar tseren NASCAR a 1948, kuma ɗaya daga cikin gwanayenta, Junior Johnson, wanda ya ci babban tseren Daytona a 1960, sai da ya yi zaman gidan yari saboda harkar barasar. Wanda ya san direbobin kan iyakar Jibiya ko Maigatari ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ɓangaren Kalifoniya kuma samari ne suka addabi mutane da tsere a kan titi da daddare, ana ta asarar rayuka. A 1951 wani ɗan jarida mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, manufarta ita ce a janye yaran daga titi a kai su fili, galibi tsofaffin filayen saukar jiragen sama. Aka tsayar da tazara, mita 402 a miƙe, mota biyu-biyu, a duba birki da taya kafin a bar ka ka shiga, 'yan kallo kuma suna can nesa bayan shinge. Da kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe sai suka fara ƙera motar da ta dace tun daga masana'anta. A 1964 aka fito da Pontiac GTO, matsakaiciyar mota amma da injin silinda takwas mai lita 6.4, wato ya ninka na Fijo 504 sau uku har da ɗoriya. Su ne ake yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji. Shekara goma kacal suka yi suna tashe. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka fara rage musu kaifi, sannan tashin farashin mai na 1973 ya ƙarasa su, don ba mai iya ciyar da su.

Abin mamaki, wannan tashin farashin da ya kashe motoci masu ƙwanji a can, shi ya cika titunanmu da mota a nan. Kuɗin mai ya shigo Nijeriya, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Daga nan 504, wadda muke kira Fijo, ta zama motar gwamna, motar alhaji, motar tasha.

Kafin wannan da shekara guda wani abu ya faru wanda yawancin Kanawa na yanzu ba su taɓa ji ba. A watan Mayun 1974, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon duniya da za a yi a Jamus, aka shirya tseren mota daga Landan zuwa Munich, amma ba ta miƙaƙƙiyar hanya ba. Sai an gangaro ta Sifen da Maroko, an ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, an keta Nijar an shigo Kano, sannan a juya a sake keta hamada a koma Turai. Motoci da dama suka tashi. A Aljeriya aka samu matsala: an ƙara tsawon wani titi bayan an riga an rubuta takardar da ke nuna hanya, saboda haka mafi yawan direbobin suka saki hanya suka ɓace a cikin rairayi, har da Stirling Moss, shahararren ɗan tseren Ingila. Motoci 19 ne suka isa Munich, a cikinsu ma biyar kaɗai suka bi hanyar gaba ɗayanta.

Waɗanda suka ci ba ma'aikatan wani kamfani ba ne. Wasu mutum uku ne daga Ostareliya, Ken Tubman, Jim Reddiex da André Welinski, da motarsu Citroën DS, irin wadda ake iya ɗaga cikinta sama idan hanya ta ɓaci. Shi Tubman sana'arsa sayar da magani, Reddiex kuwa mutumin gareji ne da ya san cikin Citroën kamar yunwar cikinsa. Ta biyu kuma? Mata biyu 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, a cikin Fijo 504. Kawuna yana karen mota a lokacin, kuma ya ce ya ga wasu daga cikin motocin a Kano, buɗu-buɗu da ƙura, da manyan lambobi a ƙofofinsu da tayoyi a ɗaure a sama. Ya ce da labari ya bazu a tasha cewa akwai mata a cikin direbobin, gardama aka yi ta yi har magariba, wasu suna rantsuwa cewa maza ne suka tara gashi.

Fijo ba a nan ta tsaya ba. Ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da 1978, wanda ake ganin ba kamarsa wajen wahala. Wato motar da muke loda wa buhunan masara da mazarƙwailar Rogo, jininta na tsere ne. Shi kuwa tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro aka kammala na farko a 1979, shekara da shekaru yana bi ta Agadas da hamadar Tenere, a gaban idon Hausawa da Buzayen Nijar. Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986. An soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro, ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa. A duk tsawon wannan lokaci mu 'yan kallo ne. A gida, abin da ya fi kama da tsere mai tsari shi ne ayarin motoci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka farfaɗo da shi a 2020 lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa.

To ina namu tseren yake? A tasha. Wannan ne ɓangaren da ba wanda ya rubuta, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Ka'idar tasha ita ce wanda ya riga isowa shi ke riga shiga layin lodi. Saboda haka direbobi biyu da suka tashi daga Karaye a jere, tun daga nan har Kabo, har Janguza, har Kabuga, tsere suke yi, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba, kuma kyautar ita ce sawu ɗaya na ƙari kafin dare. Fasinja, bayin Allah, su ne 'yan rakiya. Kowane direba yana da bakanikensa da yake ɓoye wa abokan hamayya. Kawuna ya lissafa min irin aikin da ake yi wa Fijo a wancan zamani: a canza ƙwayar da ke cikin kafireta don mai ya ƙara shiga, a ɗan gusa taimin gaba, a kai kan injin wurin masu sharewa a rage masa kauri kaɗan don matsin da ke cikin silinda ya ƙaru, a wanke lagireto fes saboda injin da aka yi wa haka saurin zafi gare shi, a kuma ƙarfafa sifirin ɗin baya don kada mota ta zauna idan an yi lodi ta hau burji mai gargada. Kayan duk daga Ƙofar Ruwa ake samo su. Idan aka zarce wajen share kan injin sai gaskit ya ƙone, ko fistin ya fara ƙwanƙwasa, mota ta kwana a hanya. Babu na'ura, babu littafi. Bakaniken yakan kara dogon sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunnensa a ƙotar, ya gaya maka abin da ke damunta.

Na tambaye shi, birki fa? Ya yi dariya ya ce birki sai ya lalace ake taɓa shi. A ganina nan ne muka rabu da mutanen Wally Parks. Su doka ta tilasta musu, duk wanda ya ƙara wa mota gudu sai ya ƙara mata abin tsayawa da abin kare rai. Mu kuwa ba a ma kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ba sai 1988, kuma aikinta kama mai gudu ne a titi, ba samar masa wurin gudun ba.

Da aka daina harhaɗa 504 a Kaduna a 2006, tasha ta koma hannun Golf da Sharon, motocin da tayoyin gaba ke ja. Irin waɗannan ba su dace da juyi ba, shi ya sa za ka ga masu wasan mota sun fi neman tsofaffin Marsandi da BMW, waɗanda tayoyin baya ke turawa, don su ne bayansu ke saurin zamewa. Wasan kuma ya bar hannun masu neman abinci ya koma na biki. Mu marubuta ma ba za mu wanke hannunmu ba. Littafi nawa muka rubuta inda saurayi, da budurwa ta ɓata masa rai, yake figar mota ya ƙure maleji, mai karatu yana jin daɗi? Ni kaina na yi, ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa sa ya bige kowa ba. Alhali ina da shekara ashirin da 'yan kai na ga yadda abin yake ƙarewa: wani biki a cikin birni, taya ta fashe ana tsakiyar juyi, motar ta kwashe wata yarinya mai tallar gyaɗa. Ta rayu, amma har yau da sanda take tafiya. Direban ɗan wani ne, aka sasanta a zaure.

'Yan sanda a Kano sun sha fitar da sanarwar hana wasan mota da tseren babura a wurin biki, a kama wasu, abin ya lafa, bayan salla ya dawo. A Jihar Edo kuwa wasu masu sha'awar abin sun yi fili na musamman a garin Evbuobanosa inda ake tsere cikin tsari. Ƙasar Karaye da Rogo ba ta rasa fili ba. Wanda ya taɓa zagaya gefen dam ɗin Challawa da rani ya ga faƙo shimfiɗe wanda zai ɗauki wannan da ma fiye. Na faɗa wa kawuna haka, sai ya ce in fara samo wanda zai yarda a duba masa birki tukuna.

Da yamma, da 'yan birni za su koma, sai ga yaron nan mai Marsandi yana yawo a ƙasa yana cigiyar mai faci. Tayoyin baya duka biyun sun cinye har waya ta fito. Kawuna ya bi shi har wurin motar, ya sa ya buɗe bonet, ya sa ya tayar, ya sunkuya ya saurara na ɗan lokaci. Ya ce da shi fulogi ɗaya ba ya kamawa, na uku daga gaba. Yaron ya kalle shi sama da ƙasa, tsoho da carbi da hula zanna ta koɗe, sannan ya aika a nemo sifana. Da aka kwance, na ukun ne.